Lambar da Ba Ta Barin Saura

Jiya a Ƙofar Gayan na hangi 2520 a bayan wata motar haya, sai wan mahaifina ya faɗo mini a rai. Malami ne mai son hisabi, kullum da tabon tawada a yatsunsa.

Bayan rasuwar mahaifinmu, cikin shekarun alif ɗari tara da saba'in, na saɓa da ƙannena har na sa aka kwaɓa ƙasa, zan ja katanga a tsakar gida. Wan mahaifin nawa ya kira ni zaurensa. Yana tauna goro ya share rairayi da tafin hannu, ya rubuta wannan lamba.

"Raba ta biyu," ya ce.

Na raba. Muka bi uku, huɗu, har goma, ko sau ɗaya ba ta bar saura ba.

"A ƙasa da ita babu lambar da ke iya haka. Ko mutum bakwai suka zo mata, ko tara, kowa zai tafi da rabonsa daidai. Kai ne babba a gidanku, ɗana. Wa za ka bari a bayan katanga?"

Na kasa ɗaga kai. Da ƙasar nan muka yaɓe ɗakin autarmu kafin damina.

Allah ya haskaka makwancinsa, ya cika masa rabonsa a Aljanna.