Malam Muntasir Bahago da Hanyar Ayari

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Muntasir Abubakar, wanda aka fi sani da Bahago, a shekarar 1958 a unguwar Kusfa cikin birnin Zariya. Mahaifinsa, Malam Abubakar Siddiƙ, magatakardan kotu ne, mahaifiyarsa kuwa ita ce Hajiya Sa'ida. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kuma gama sakandare, ya tafi Kaduna ya karanci safiyo da zanen taswira, ya kammala a 1981.

Aiki da Iyali

Ya kama aiki da hukumar adana wuraren tarihi a 1982, ya auri Asma'u 'yar Ƙofar Doka a 1985, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. A 1996 aka ɗora masa alhakin kula da Hanyar Ayari, wato hanyar da aka shata domin tunawa da wani ayarin masu binciken ƙasa da ya ratsa Zazzau a ƙarni na sha tara. A wancan zamani hanyar ba ta wuce bin gindin ganuwa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana ba. Fiye da shekara ashirin ya yi yana rubuta takardun neman a tsawaita ta zuwa Zangon Ɗinya, inda ayarin ya kwana tara, har ya yi ritaya a 2017 bai samu amsa ba.

Tsawaita Hanyar

Amincewar ta zo a 2019, lokacin da 'yan bindiga suka riga suka mamaye dazuzzukan yamma, manoma ma suna gudun gonakinsu. Aka nemi ya dawo ya jagoranci kafa turakun siminti guda talatin, ɗaya a kowace kilomita. Asma'u ta ce masa, "Malam, dajin nan ba wanda ka sani ba ne. Ka mayar musu da takardarsu." Ya kwana uku yana istihara, amma ya kasa sakin abin da ya daɗe yana roƙo.

An fara aiki a watan Janairun 2020. Kullum sukan tarar da ƙauyuka babu kowa, ga rumbuna a buɗe, ga sawun babura sabo a kan yashi. Daga turke na tara ya hana leburori kunna rediyo, ya sa a riƙa barin mota tana fuskantar gari. Bayan turke na sha shida ciwon gwiwa ya kwantar da shi. Babban ɗansa Kabir, wanda shi ma ma'aikacin safiyo ne, ya ce, "Baba, ka huta, ni zan kai su. Kafin la'asar muna gida."

Ranar Talata, 3 ga Maris, da hantsi, wasu mutane a kan babura suka far musu a wurin turke na sha bakwai. Leburori suka tsere ta cikin rafi, aka shiga daji da Kabir. Sau biyu masu garkuwar suka kira Malam Muntasir, a karo na biyu aka ba ɗan waya ya yi magana. Abin da ya ji kawai shi ne, "Baba, kada ka zo da kanka." Daga nan lambar ba ta sake shiga ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Hukuma ta dakatar da aikin. Malam Muntasir bai ƙara fita bayan ganuwa ba, kuma ba ya barin wani cikin 'ya'yansa ya yi tafiya sai ya ji dalili. Wayarsa ba ta rabuwa da tafin hannunsa ko a sahun salla. Idan ta yi ƙara sai ya kasa amsawa, ya kuma hana kowa taɓawa. Da 'yan'uwa suka kawo shawarar a yi wa Kabir sallar gaibu, ya ce, "Wa ya ga gawarsa?" Ba a sake tayar da zancen ba.

Rasuwarsa

Allah ya karɓi ransa ranar Juma'a, 10 ga Nuwamban 2023, bayan fama da hawan jini, yana da shekara sittin da biyar. An yi masa salla a ƙofar gidansu da ke Kusfa, aka rufe shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Hajiya Asma'u da jikoki bakwai da 'ya'ya biyar: Radiya, Haisam, Maijidda, Zakiyya, sai kuma Kabir, wanda bisa wasiyyar mahaifinsa iyalan ke lissafa shi cikin masu rai. Allah ya jiƙansa, ya bayyana ɗansa.