Ranar da Na Tayar da Mama Daga Bencin Gaba

Na daɗe ina aikin osha a cocinmu na Katolika a Birnin Gwari. A da aikin ba wuya: in rataya jan ƙyalle a kafaɗa, in tsaya bakin ƙofa ina yi wa mutane sannu da zuwa, in nuna musu wurin zama, in ɗan taɓa mai gyangyaɗi idan Fada yana wa'azi. Da daji ya lalace sai aka ƙara mana bincike. Ni da na saba rungumar mata a ƙofa, na koma cusa hannu cikin jakunkunansu.

A lokacin ne wata dattijuwa ta fara zuwa. Daga wani ƙauye ta wajen Damari ta gudo, ta sauka wurin ƙanwarta a cikin gari. A gabanta 'yan bindiga suka ɗauke mijinta a gona, kuma harbin da suka yi kusa da kanta ya kashe mata kunne ɗaya, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Shi ya sa take riga kowa zuwa, ta zauna a bencin gaba, ta ƙura wa bakin Fada ido. Mama muke ce mata.

Wata Lahadi ta zo da sabon ɗankwali. Tun a ƙofa ta kama hannuna.

"'Yata, yau Fada zai ambaci sunan maigidana a addu'a. Malam katekis ya rubuta."

Na raka ta har wurinta. Ana gab da farawa sai ga ciyaman na kwamitin coci, dattijo ne sa'an mahaifina, yana share gumi.

"A bar bencin gaba biyu ba kowa. Babban baƙo yana tafe daga Kaduna."

"Baba, Mama fa? Ba ta ji daga baya, kuma yau za a ambaci mijinta."

"Mutumin nan ya ce zai sa a ba mu masu tsaro a ƙofar coci. Saboda tsohuwa ɗaya za mu ɓata masa rai? Yi abin da aka sa ki."

Na so a ce na yi masa gardama ta biyu. Ban yi ba. Da ƙafata na je, na durƙusa gabanta, na kai bakina kunnenta mai ɗan ji, na ce ta yi haƙuri ta koma baya. Sai da na maimaita da ƙarfi, har mawaƙa suka juyo.

"Na yi wani laifi ne?" in ji ta.

"A'a, Mama. Baƙo ne zai zauna."

Ta dubi bencin, mai ɗaukar mutum takwas, ita kaɗai a kai. Ta tattara carbinta ta miƙe. Coci ya riga ya cika, wurin da ya rage sai can jikin ƙofa, inda janareto ke ruri a bayan taga. Nan na zaunar da ita.

Aka fara Mas, wato sujadar Lahadi. Aka yi karatu na farko, aka yi na biyu, aka karanta Bishara, benci biyu suna nan wayam. Ina tsaye ina kallonsu. Sai tsakiyar wa'azi muka ji jiniya. Mota biyu cike da masu bindiga suka rako mutum ɗaya. A kan hanyar Kadunan nan ce fa mutanenmu suke bi su kaɗai da buhun masara, su da Allahnsu, wani ya dawo, wani bai dawo ba. Ciyaman ya fita da gudu kamar yaro. Ni aka sa na wuce gaba, na kai baƙon bencin Mama. Ya zauna, ya ciro waya.

Da aka zo addu'ar jama'a, Fada ya ambaci sunan mijinta, ya roƙi Ubangiji ya dawo da shi gida. Na ruga na dafa kafaɗarta, amma kafin ta ɗago an riga an amsa, an wuce zuwa sunan wani.

"An faɗa?"

"An faɗa, Mama."

"Ban ji ba," ta ce. Ba ta yi kuka ba, ta dai gyara ɗankwalinta.

Baƙon kuwa aka miƙa masa makirfo, ya yi mana jaje, ya ce yana tare da mu. Kafin a raba jibin Ubangiji ya fice, wai hanya ba ta da kyau idan rana ta yi.

Ana tashi na tare ciyaman a gindin mangwaro, mutane suna ji.

"Baba, ka ga bai ko jira jibi ba? Saboda wannan ka sa na kunyata matar da aka ɗauke wa miji?"

"Ke, ni kike ɗaga wa murya?"

"Kai nake ɗaga wa. Da kaina ma nake faɗa, da na bi maganarka."

Matan zumuntar coci suka janye ni. Na wuce kai tsaye wurin Fada na gaya masa komai. Ashe bai sani ba. Ransa ya ɓaci sosai, ya ce Lahadi mai zuwa zai sake ambatar sunan, a hankali, yana fuskantarta.

Ya cika alkawari, amma Mama ba ta zo ba. Da na je gidan ƙanwarta, ta ce ɗan Mama ya zo ya tafi da ita Zariya a cikin makon. Na tambaya ko ta yi maganar abin da ya faru. Ta ce sau ɗaya, wai Mama ta ce ba ta riƙe ni ba, aiko ni aka yi. Wannan maganar ta fi zagi yi mini zafi.

Masu tsaron da aka yi mana alkawari ba su taɓa zuwa ba. Labarin mijin Mama ban sake ji ba. Ni da ciyaman mun yi wata da watanni ba ma gaisawa, har sai da katekis ya zaunar da mu. Na gaishe da ciyaman don girmansa, amma na faɗa masa a gaban katekis cewa duk ranar da yake son a tayar da wani, ya je ya tayar da kansa.