Umarnin da Na Buga Ranar Lahadi

Ni ɗan Maiyama ne, kuma ba yabon kai ba, a cikin tsarana babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta. Wani kamfanin sayen albasa a Aliero ya ɗauke ni in taya Madam aiki, wata Kirista baƙuwa da ke kula da kwamfutocinsu duka daga teburi ɗaya.

Ita ta koya mini katangar tsaro, wato dokokin da ke faɗin wace ƙofa ce a buɗe ga mai shigowa ta intanet, wace ce a rufe. Layi ɗaya za ka buga a baƙin allo, sai dokokin kowace na'ura su zubo. Muna da tsari: ranar Juma'a ta tsare mini aiki in je masallaci, ranar Lahadi in tsare mata ta je coci. Shi ya sa ta ba ni lambar sirrinta.

Na fara da buɗe wa abokai hanyar kallon ƙwallo. Ana nan wani mutum ya tare ni a kasuwar Jega, ya ce jerin dokokin kawai yake so. "Mi kaka tsoro? Karatu na, ba sata ba." Ya nuna mini sabon babur.

Ranar Lahadi na buga umarnin fito da dokokin da sunan Madam, na miƙa masa jerin, ina ganin na yi wayo. Mutanensa suka bi ƙofar da jerin ya nuna, suka kulle kwamfutocin a tsakiyar kakar albasa. Aka kama Madam. Kwana uku na yi gum, kuma wannan shirun ya fi satar ƙona mini rai.

Na manta na'ura tana rubuta lokaci. Ta nuna an buga umarnin ƙarfe goma na safe, lokacin Madam tana jan waƙa a gaban duk jama'ar coci. Na sha ɗauri.

Da na fito, na tuba, na je neman gafararta. Ta ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma har yau a ofis nake yin Lahadi. Ba ni da wanda zan bar wa makulli."

Samari, ku koyi na'ura, ku ƙware, sana'a ce mai kyau. Amma idan aka damƙa muku lambar sirri, ku san amana ce. Ni na gama ɗaurina, ita har yanzu tana cikin wanda na yi mata.