Yatsun Anti Maki

Duk wanda ya ƙara ce wa Yayata "ai kin huta", ni da shi ne. Hutun me? Ku zo ku ga yatsunta a kan gwiwa, tana zaune a tsakar gida suna ta tafiya su kaɗai, sannan ku faɗa mini ko haka mai hutawa yake.

Yaya akawu ce a wata makarantar firamare tun ina budurwa. Ofishinta ɗan lungu ne kusa da na hedimasta: tebur, fanka mai kuka, da tagar da ba ta rufuwa. Da keken rubutu ta fara. Da aka kawo kwamfuta, malamai suka yi ta kewaye ta kamar za ta cije su, ita kuwa ta ja kujera ta zauna. A nan ta haɗu da manhajar nan mai gida-gida da 'yan ofis ke kira Excel, kuma wallahi ko mijinta bai samu irin wannan kulawa ba.

Ta taɓa nuna mini. "Auta, kin ga layin nan a kwance? Yaro guda ne, daga sunansa har makinsa na ƙarshe. Na tsaye kuma darasi ne." Sai ta rubuta wani ɗan umarni a gida ɗaya, ta ja shi ƙasa, jimlar ajin gaba ɗaya ta zubo. Ta canza maki guda, jimla ta gyara kanta.

Na ce, "Wannan ai aikin aljanu ne."

Ta ce, "Aljanun sun fi ki lissafi, ke da kika sha bulala a kan sau bakwai."

Yara suka sa mata Anti Maki. Ƙarshen zango ya yi, sai ka gan su a jikin tagarta suna leƙe, tana kora su da rula tana dariya.

Sai ido ya fara. Da farko tabarau, daga baya aka ƙara masa kauri. Ta koma ƙara girman rubutun kwamfutar, har ya zama gida biyu ko uku kawai ke cika fuskar, ita kuma hancinta kamar zai taɓa gilashi. Hukumar makaranta ta ce akwai manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke rubuce, za a sayo. Fenti dai an sake wa ƙofar shiga, an sayo wa baƙi kujeru masu laushi. Manhaja kuwa har yau tana hanya.

Zangon ƙarshe na bara, hedimasta ya ce ko ta bar wa wani haɗa sakamakon. Yaya ta roƙe shi ya bar ta ta gwada, in ta fitar da shi daidai ta ci gaba da aikinta. Ni ta ɗauka in zama idonta. Na rufe shagon ɗinkina na bi ta.

Ina karanto maki daga takardun malamai, tana shigarwa. Ba ta ko taɓa linzamin kwamfutar, yatsu kawai a kan madannai, kamar ruwan sama a kan kwano. Da muka gama ta jera sunayen bisa haruffa, ta jingina da kujera ta ce, "Karanta mini in ji daɗi."

Na fara. Na zo kan 'yar mai gadin makarantar, na faɗi jimlarta.

"Wa kika ce?"

Na maimaita.

"Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya? Auta, ko dai idonki ne ya bi nawa?"

"Yaya, abin da ke nan na faɗa."

Ta kai hancinta jikin gilashin. Ashe layin sunaye kaɗai ta zaɓa ta jera, makin bai bi su ba. Sunaye sun tashi, maki na zaune inda yake, kowane yaro ya hau kan rabon wani. Kwamfuta ta fito da gargaɗi kafin hakan, amma ba ta gan shi ba, hannu ya riga ya danna. Da yatsu biyu ta mayar da komai yadda yake, ta zaɓi jadawalin duka, ta sake jerawa. 'Yar mai gadi ta koma kan makinta. Sakamako ya fita ba kuskure ko ɗaya, hedimasta har da sa albarka.

Na ɗauka mun ci. Muna fitowa sai na ga ta zare makullin ofis daga zoben makullanta.

"Yaya, me kike yi? Kin gyara fa!"

"Wannan na san ta, shi ya sa na ji. Da ɗan wani ne da ban sani ba fa? Ya tafi gida da makin da ba nasa ba, a dake shi a banza."

Na yi faɗa, na yi magiya, har na ce zan riƙa zuwa kowane zango. Ta ce, "Ke da ɗinkin mutane a kanki?" Ta koma ciki ta ajiye makullin a kan tebur, ta shafa madannan nan sau ɗaya, ta fito tana laluben bango.

Yanzu wata ce a kujerar, kuma an ce tana da ƙoƙari. Ban da abin cewa a kanta. Haushina na kan masu fenti.

Jiya yara suka wuce ƙofar gidanmu da katin sakamako a hannu, suna ihu. Yaya ta ɗaga kai.

"An yi hutu ke nan?"

"An yi."

"Leƙa mini, Auta. In kin ga 'yar mai gadi, tambaye ta ta nawa ta zo."

Na leƙa, sun riga sun sha kwana. Da na dawo, yatsunta na kan gwiwa, suna ta shigar da maki.