Saƙon Alhaji Bawa Zuwa Jega

Har gobe ban manta da ranar da aka nemi in karɓi saƙo ba tare da waya ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, ina mataki na huɗu a wani ofishin aikin gona da ke Maiyama, ni ke riƙe da na'urar oba-oba. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba. Akwati ce mai batir, ka danna ka yi magana, ka ce "oba", sannan na wancan gefen ya amsa. Ƙa'ida ita ce shugaban sashe ya sa hannu a takardar saƙo, in karanta wa tashar Jega ƙarfe tara ko sha biyu, in rubuta amsa in kai masa.

Shugabanmu, Alhaji Bawa, mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ya ji a kwas sai ya gwada shi a kanmu. Ya dawo daga wani kwas ya tara mu, ya ce wani malami ya shaida masu nan gaba ɗan Adam zai daina buƙatar waya da takarda, zuciya za ta riƙa aika wa zuciya magana kai tsaye.

"Mi muka jira?" in ji shi. "Mu hwara tun yanzu, kahin Birnin Kebbi su riga mu."

Kowace safiya sai ya shiga ofis ya rufe ido ya yi tunanin umarni guda, mu kuma mu rubuta abin da ya faɗo mana a rai. Abin da bai sani ba, in yana tunani leɓensa na motsi. Hajiya Tumba mai buga tafireta tana hango shi ta taga, ta karanto ta raɗa mini. Cikin mako biyu na zama gwanin ofis. Har ya rubuta a fayil ɗina cewa ina da "ƙwaƙwalwa mai kama saƙo", ya ce zai nema mini mataki na biyar.

Ran nan batirin oba-oba ya mutu. Muna cikin haka sai ga Arɗo Jaɓɓi daga wajen Andarai, ƙafarsa duk laka. Ya ce shanu uku sun faɗi a rugarsa tun jiya, sauran suna tari, hancinsu na zuba. Likitan dabbobi guda ne a yankin, kuma a Jega yake zaune.

Na ce a ba ni babur ɗin ofis in je in ɗauko shi. Alhaji Bawa ya ɗaga hannu.

"Babur na mi? Wagga ita ta ranar da munka yi shiri dominta. Ni in aika, kai Umaru ka amshi amsa."

Ya sa aka juya masa kujera ta fuskanci Jega, ya cire hula, ya rufe ido. Arɗo ya dube ni ya ce a hankali, "Malam, addu'a shika yi?"

"Waya shika bugawa," na ce.

Arɗo ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya leƙa bayan kujera, ya koma ya tsuguna.

In na tona asirin taga, mataki na biyar ya tafi, wataƙila da aikin Hajiya. In na yi shiru, garken bawan Allah ya ƙare muna zaune. Sai na dafe goshi, na yi kamar mai sauraro.

"Ranka ya daɗe, amsa ta iso. Likita ya ce ya jiya sarai, amma motatai ta lalace, a turo babur a ɗauke shi."

Alhaji ya buɗe ido yana murmushi, ya miƙo mini makulli da hannunsa.

Na isa Jega aka ce likita ya tafi Aliero duba wani doki. Na bi shi can, na tarar da shi a bakin kasuwa yana zaɓen albasa. A hanya na roƙe shi ya ce ya ji saƙon. Ya ce shi ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba. Muka wuce ruga kai tsaye, ya ware marasa lafiya, ya yi wa sauran allura. Saniya ɗaya ta ƙara mutuwa, sauran Allah ya tsare.

Da la'asar muka shigo ofis. Alhaji ya tarbe shi da fara'a.

"Likita, yaya ka ji muryata? Ta hito tas?"

"Alhaji, ban ji komi ba. Ni ina Aliero tun da sahe."

Ni dai na fara tunanin gonar mahaifina, don na ga can zan koma. Sai Alhaji ya buga tebur.

"Shi ya sa! Ni Jega na auna!" Ya juyo gare ni. "To kai, wa ya ba ka amsa?"

Hajiya Tumba, ko kai ba ta ɗaga daga tafireta ba, ta ce, "Wataƙila wani likita na daban ya ɗauka, Alhaji."

Ya yarda. Washegari ya sa na rubuta takarda zuwa Jega ana cigiyar wanda ya amsa saƙon ofishinmu ba da izini ba. Da batir ya zo, ni na karanta ta da bakina, na ji ma'aikacin can yana dariya har ya kasa cewa "oba".

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ƙaramin ma'aikaci yana iya ce wa babba "na ji" alhali bai ji komai ba, shekara da shekaru, ba a gane ba. Ana ganewa ne ranar da wani ya shigo da dabbobinsa suna mutuwa. In kun ga irin wannan ranar, ku tashi ku je da kanku, a yi faɗan daga baya.