Inna Ce Mai Ganin Raga

"Inna, ta shiga?" Yayana ya tambaya daga tsakar gida.

"Ba ta shiga ba," in ji mahaifiyarmu daga cikin ɗaki.

Bayan yankan riɗi a Simsim ne Yaya ya sayo shasha, ƙatuwar talabijin mai faɗin katifa, don mu riƙa buga wasan ƙwallo na bidiyo. Ya manta cewa ɗakin namu guttiya ce, zagayayyiya kuma ƙarama. In ka zauna ciki, sai wuyanka ya ƙage wajen bin ƙwallo.

Dole muka fitar da kujeru waje, muna bugawa ta ƙofa. Amma tsakiyar fili kaɗai ƙofar ke nunawa. Inna da ke kan gadonta ce ke ganin raga.

Na leƙa ciki, na ga Yaya ya ci ni har uku.

"Inna, ai ta shiga," na ce mata.

"Wa ya kawo min jabanar kofi da safe, kai ko shi?"

"Ni."

"To khalas, koma ka zauna."

Tun ranar Yaya ke tashi dafa kofi. Jama'a, in tona mata asiri ko in riga shi tashi?