Matar da Take Miƙa wa Kafinta Ƙusa

Mutanen layin suna kiranta Mama Tela, amma mijinta bai taɓa kiranta haka ba. Shi Mai Keke yake ce mata, tun ranar da ya zo gyara mata teburin keken ɗinki tana budurwa. Ƙafar teburin ce kawai ta karye, aikin da ba zai ci wa kafinta rabin yini ba, amma bawan Allah ya yi ta zarya, yau ya manta guduma, gobe ya ce katakon bai bushe ba. Mahaifiyarta ce ta gaji ta ce masa in aure yake so ya buɗe baki ya faɗa, teburi dai ya gyaru tuntuni.

Bayan aure suka buɗe shaguna biyu a gaban gidansu, bango ɗaya a tsakani, da wata 'yar ƙofa da shi ya huda da hannunsa. Nata shagon cike da ƙyallaye da zare, nasa cike da garin katako da yake bin ƙofar ya lulluɓe mata ɗinkin mutane. Ita ta ɗinka rigunan mawaƙan cocinsu, shi ya yi bencinan da ake zama a kai. Tsohon coci ne, irin wanda ake waƙa daga littafi, a yi addu'a ido rufe murya ƙasa-ƙasa, a tashi a kan lokaci.

Kafinta yana da wata mummunar ɗabi'a ta cika bakinsa da ƙusoshi yana zaro su ɗaya bayan ɗaya. Wata rana atishawa ta kama shi ya haɗiye guda, aka wuni a asibiti hankali a tashe. Daga ranar ta kafa masa doka, ƙusa ba ta sake shiga bakinsa. Duk lokacin da aiki ya kai ga bugu sai ya ɗaga murya ta ƙofar tsakani, "Mai Keke, miƙo min ƙusa." Sai ta sauke ƙafa daga keke ta zo tana mita, wai ita ba 'yar aikinsa ba ce, tana mitar tana miƙa masa. A haka suka haifi 'ya'ya, suka binne waɗanda Allah ya karɓa, suka aurar da biyun da suka rayu, Babba da Auta.

Tsufa bai kama Kafinta ta ƙafa ko ta ido ba, ta kai ya zo masa. Da fari sai ya auna katako ya manta awon kafin ya ɗauki zarto. Daga baya ya ɓata a hanyar dawowa daga cocin da ya yi shekaru yana bi. Sannu a hankali sunaye suka zube masa, har ya zama yana gaida ɗan cikinsa da ladabin da ake yi wa baƙo. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ya ba da magani, ya ce ba a warkewa, sai dai lallaɓawa.

Abu ɗaya ya rage da yake dawo da shi, akwatin kayan aikinsa. Tsohon akwati ne baƙi wuluk saboda hannu, ya gaje shi daga mahaifinsa, wanda shi ma kafinta ne, kuma har ya mutu bai taka ƙofar coci ba. Kowace safiya Mama Tela takan zaunar da mijinta a shagonsa, ta buɗe akwatin, ta ajiye masa guntun katako. Da zarar ƙotar gudumar nan ta shiga tafinsa sai bayansa ya miƙe, idonsa ya waye. Yakan yi hira da mahaifinsa kamar yana tsaye a kansa, "Baba, duba, ya miƙe ko in ƙara?" Sannan ya juya ya dube ta sosai, duban wanda ya san ta, ya ce, "Mai Keke, miƙo min ƙusa." A duk tsawon yini wannan ne kaɗai lokacin da yake sanin ko wace ce ita. In ya gaji ya kwanta, sai ta zare ƙusoshin, ta miƙar da su, ta ajiye don gobe. Ba ta gaya wa kowa ba, amma saboda kiran nan take tashi da safe.

'Ya'yan nan biyu suna son ubansu, ba wanda zai ce ba haka ba, sai dai kowa da irin nasa son. Babba ma'aikacin ofis ne, dattijo kuma a tsohon cocin, mutum mai auna magana kafin ya furta. Shi yake kawo magani, yakan zo ranar Lahadi da rana ya zauna kaɗan. Auta mai gyaran gashi ce, kuma ta bar cocin iyayenta tun da daɗewa. Ta sha ɓari, ciki bayan ciki, ta sha munanan mafarkai, sai da aka yi mata addu'ar fitar da aljanu a wani sabon coci sannan ta rungumi ɗa. Wanda ya ga hawayen da ta zubar kafin nan ba zai yi saurin yi mata dariya ba. Ita ce take zuwa kullum ta yi wa ubanta wanka, ta wanke zanen gadon da ya ɓata, ba ta taɓa yamutsa fuska ba.

Wata Lahadi suka haɗu a shagon ɗinki, maganar da kowa yake kauce wa ta fito fili.

Auta ta ce, "Yaya, kunnenka bai ji da wanda Baba yake hira ba? Da matacce fa yake magana, mataccen da bai san Yesu ba. Wannan ba ciwon asibiti ba ne, yaƙi ne."

Babba ya ce, "Baba mai baftisma ne, Auta. Ya bi Ubangiji tun ba a haife mu ba. Wanda Almasihu ya saya da jininsa, wane aljani ne zai tare a cikinsa? An gama yaƙin a kan gicciye."

"In an gama, me ya sa aka ce mu ɗauki makamai? Yesu da kansa ya fitar da aljanu, ya kuma ce mu yi. Ku dai kun iya waƙa da tashi a kan lokaci."

"Ku kuma ko zazzaɓi ya kama mutum sai kun yi masa ihu a ka."

"Ni nake wanke shi, Yaya. Kai Lahadi kake ganinsa."

Mama Tela tana kan keke, ba ta ɗinki, ba ta kuma sa baki ba. Gaskiyar magana ita ta yarda da su duka biyun, abin da ya hana ta sukuni ke nan. Ta san akwai Shaiɗan, ta karanta da idonta yadda Ubangiji ya tsawata wa baƙaƙen aljanu. Ta kuma ga tsofaffi masu tsoron Allah da kansu ya kwance, ba da laifin kowa ba. Ta kai kukanta wurin fastonsu, ya zo ya riƙe hannun Kafinta, ya yi addu'a mai sanyi, ya ce mata ba kowace cuta ce aljani ba, ta ci gaba da haƙuri. Ta ji daɗin maganar, amma haƙuri dama shi take yi.

Faston Auta ma ya zo, matashi ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ta. Ya zauna ya kalli Kafinta yana aiki, ya saurari hirarsa da mahaifinsa, sannan ya tambayi asalin akwatin. Da aka gaya masa sai ya girgiza kai. Ya ce, "Mama, ba mu san abin da aka keɓe kayan nan gare shi ba tun kakanni. Ta nan ake shigowa. In ba a ƙone ƙofar ba, ko mun kora za su dawo."

Ta ce masa a'a, ta kuma tsaya a kan a'arta har tsawon lokaci.

Abin da ya karya ta ya faru ne wata safiya. Auta ta zo ɗaga ubanta daga benci don wanka, bai gane ta ba, ya ɗauka ɓarauniya ce za ta ƙwace masa guduma, ya kai mata bugu a hannu. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa 'yarsa yatsa ba. Auta ta zauna a cikin garin katako riƙe da hannun da ya kumbura, tana kuka irin na yara.

"Mama, wannan ba Babana ba ne. Ki bari a taimake shi. In ya warke, ba sau ɗaya zai kira ki ba, yini zai yi yana kiranki."

Maganar ta shige ta har ƙashi, don ba ta san yarinyar ta lura ba. Ta yi ta juya abin a ranta. In da gaskiyar Auta, ashe ita ce ta tsaya tsakanin mijinta da lafiya, saboda kwaɗayin a kira ta sau ɗaya a yini. Kunya ta kama ta, tsoro ma ya kama ta, ta ce a zo a yi.

Da hantsi aka yi, a tsakar gida, ba a gaya wa Babba ba. Aka bar Kafinta a ɗaki, aka shafa masa mai a goshi, aka kewaye shi da addu'a da babbar murya, shi kuwa yana ta raba ido yana ba su haƙuri. Sannan aka fito da akwatin aka cinna masa wuta. Tsohon katako ne da ya sha mai da gumi, nan da nan ya kama. Mutanen cocin Auta suna waƙar nasara da dukan zuciyarsu, Auta tana kuka tana ɗaga hannu mai ɗauri sama. Mama Tela tana bakin ƙofa ta ce amin tare da su, kuma da gaske ta faɗa.

Washegari Kafinta ya yi shiru. Bai sake hira da mahaifinsa ba, bai sake ɗaga wa kowa hannu ba. Auta ta ba da shaida a cocinsu cewa abin ya fita. Babba ya zo ransa a ɓace, ya ce an azabtar da tsoho an kuma ƙone kayan gadon gidansu a banza, likita ma ya ce haka ciwon yake tafiya, daga surutu zuwa shiru. Suka daina gaisawa na wani lokaci. Kowannensu yana da hujja, ba kuma wanda ya tambaye ta abin da ta gani.

Ita abin da ta gani shi ne hannunsa. Yakan zauna a kan bencin shagon, hannun damansa yana lalube a gefe, yana buɗewa yana rufewa. In ta kawo masa abinci sai ya ce, "An gode, baiwar Allah."

Ta jure har ta kasa. Ta je bayan gida inda aka zubar da tokar, ta tona da tsinke har ta ci karo da kan gudumar, wuta ta ci ƙotar ta bar ƙarfen. Ta goge shi da ƙyalle, ta kai wa wani kafinta a ƙarshen layi ya sa masa sabuwar ƙota. Ba ta ɓoye ba. Ta aika wa 'ya'yanta su zo, ta ajiye gudumar a kan teburin keke a gabansu.

Ta ce, "Kai ka ce ciwo ne, ke kin ce yaƙi ne. Na bi naka, na bi naki, ban kuma ce ɗayanku ya yi ƙarya ba. Ni ban san abin da yake cikin kan ubanku ba, Allah ne ya sani. Amma zan ba shi gudumarsa."

Auta ta daɗe tana kallon ƙarfen. Can ta buɗe jakarta ta ciro 'yar kwalbar mai, ta ɗiga a kai, ta yi addu'a, wannan karon a hankali. Babba ya kau da kai, amma da ta gama ya ce amin. Shi ne ma ya shiga shagon uban ya nemo guntun katako, ya kaɗe masa ƙura da hannun rigarsa ta ofis.

Mama Tela ta sa wa mijinta gudumar a hannu. Ya juya ta, ya bi sabuwar ƙotar da babban yatsa yana neman wurin da hannunsa da na mahaifinsa suka lotsa, bai samu ba. Duk da haka bayansa ya ɗan miƙe. Ya jawo katakon ya daidaita shi da gwiwa, ya leƙa ƙofar tsakani inda keken yake, ya jira. Sannan ya juyo ya dube ta, tana tsaye dab da shi da ƙusoshi a tafinta.

Ya ce, "Baiwar Allah, don Allah in kin ga Mai Keke, ki ce ta miƙo min ƙusa."

Auta ta toshe baki ta fita. Babba ya sunkuyar da kai. Mama Tela ta zaɓi ƙusar da ta fi miƙewa ta sa masa a hannu.

Ta ce, "Aiki ne ya riƙe ta. Ita ta aiko ni da wannan."

Ya karɓa ya yi godiya, ya kafa ƙusar ya fara bugu. Ita kuma ta ja kujera ta zauna kusa da shi, riƙe da ta biyu.